Ranar da Ɗan Farina Ya Soke Ƙwallon Ƙanensa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Wanga ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗi ana rubutawa, don haka in kun ji magana ta karkace ku yi wa tsohuwa uzuri.

Shekarun baya, a ƙauyenmu can gefen Kucheri, ina zaune da 'ya'ya maza biyu a gabana. Mahaifinsu ya rasu, 'ya'yana mata duk sun yi aure sun watse. Akwai ɗan farina, akwai autana.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Daga yaye kakarsa ta ɗauke shi. In ya shigo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in juya ina kallon bango ina amsawa. In ina son ya ci abinci, sai in ce wa iska, "Ga tuwo nan yana hucewa." In ya yi abin kirki ba na yabo, in an taɓa shi ba na shiga. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. Auta kuwa, har ya fara gemu yana zama gefen tabarmata yana kankare mini ƙanzon tukunya.

Su biyun duk ƙwallo ya shiga jininsu, amma kowa da ƙofar da ya bi. Auta bugawa yake yi, kuma an ce duk yankinmu ba mai gudunsa. Babban kuwa hukunci ya zaɓa. Har Gusau ya yi ta zuwa yana karatun abin, ya dawo da takarda, da baƙar riga, da usur, da wasu 'yan katuna biyu, ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa. Ranar da na fara hango shi cikin gajeren wando, magidanci mai 'ya'ya uku, sai da na rufe fuska da mayafi. Na ce wa maƙwabciyata, "Ashe har karatu ake yi kafin a busa usur? Ni da na ɗauka iska ce kawai ake hurawa." Ta ce, "Ke dai bari, zamani ne."

Wata shekara, bayan an kai hatsi rumbu, samari sunka shirya gasa tsakanin ƙauyuka. Anka yi ta yi har ya rage mu da samarin Kekun Waje, can ƙasar Bungudu. A filinmu za a yi wasan ƙarshe. Alƙalin da za a turo daga Gusau bai iso ba, mota ta lalace masa a hanya. Anka yi ta jira har la'asar ta fara sanyi. Baƙin da kansu sunka ce, "Ai ga mai takarda nan a garinku, mun yarda da shi." Sau biyu ɗan farina yana ƙi. Ya ce, "Ƙanena yana ciki, ku nemi wani." Sai baffansa, ƙanen mahaifinsa, ya ce, "Mutane sun taso daga nesa, kada ka kunyata mu. Shiga ka yi." Ya shiga ɗaki ya sa baƙar rigar.

Filin yana bayan katangar gidana. Ni da ban taɓa kallon ƙwallo ba, ranar nan na kife turmi na hau, na leƙa ta saman katanga kamar ɓarauniyar kaji. Ban san komai a wasan ba, 'ya'yana kawai nake bi da ido.

Ba a daɗe da farawa ba, wani yaron baƙi ya ɗaga ƙafa sama har daidai fuskar wani namu, yana son ya taro ƙwallo. Bai taɓa shi ba. Namu dai ya kauce da kai. Sai usur. Ɗana ya ba mu bugu. Gari ya ɗauki tafi, ana ta kirari, "Ɗan gida! Alƙalin gaskiya!" Ni ma daga kan turmi na ji kaina ya ƙara girma, sai dai ban nuna ba.

Anka yi ta fama, ba wanda ya ci. Rana ta yi ja. Can sai anka bugo ƙwallo gaban ragar baƙi, ƙasa ƙasa, ko gwiwa bai kai ba. Wani dogon yaro nasu, mai tsaron baya, ya riga ya ɗaga ƙafa zai narke shi da bugu ya fitar. Sai ga autana ya zo a guje, ya miƙe a iska kamar wanda zai faɗa kogi, ya kai kansa daidai wurin. Dogon yaron ya ga fuska a gaban takalminsa. A tsakiyar bugun ya janye ƙafar, jikinsa ya murɗe, ya faɗi yana riƙe da gwiwa. Ƙwallo ya shige raga.

Jama'a, ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Turmin har ya yi gefe, saura kaɗan in faɗo in karya ƙugu a kan abin da ban san kansa ba. Gari ya rikice, ganga ta tashi, samari sunka cika fili.

Ashe tun kafin ƙwallon ya shiga an busa usur, hayaniya ce ta danne shi. Da ƙura ta lafa sai munka ga ɗana tsaye wurin da yaron ya faɗi, hannu ɗaya a miƙe sama. Ya ce ba a ci ba. Ya ce bugu na baƙi ne.

Har kan katanga na jiyo muryar auta.

"Yaya, mi na yi? Ni fa anka kusa fasa wa kai!"

"Kai ne ka sa fuskarka inda ƙafa take. Koma wurinka."

Anka ɗauke dogon yaron a babur. Ba wanda ya bi shi da ido, ni ma ban bi ba. Kafin magariba baƙi sunka ci ɗaya, sunka ɗauki kofi sunka tafi. Da ƙyar dattawa sunka shigo da ɗana gida, rigarsa a yage.

Washegari da hantsi baffansa ya zaunar da shi a zaure, da wasu manya. Ni ina bayan bango da tsintsiya, ina sharar wurin da na riga na share.

Baffa ya ce, "To, malam mai takarda, yi mana bayani. Jini ya zuba? An taɓa wani? Wa ke da ƙafa, wa ke da kai?"

Ya ce, "Baffa, ba jini nake jira ba. In na jira jini, ai ban yi aikin komai ba. Abin da nake dubawa, wa ya kawo haɗarin. Ƙwallo in yana sama, wurin kai ne, wanda ya kai ƙafa can shi ne da laifi. In yana ƙasa, wurin ƙafa ne, wanda ya kai kansa can shi ne da laifi, ko da kansa kaɗai zai cuta. Da na busa wa nasu kan ɗaga ƙafa, ba ku kunka yi mini tafi ba? Ai bai taɓa kowa ba shi ma."

"Wancan daban."

"Doka ɗaya ce, Baffa, juya ta anka yi. Yaron nan yana da damar bugun ƙwallonsa. Tsoron kada ya fasa fuskar ƙanena ne ya hana shi. In na bar cin nan, na ce masa ke nan gobe kada ya tausaya, ya buga kawai. Ban ma ba ƙanena kati ba, don ba mugunta ya yi ba. Kati na mai ganganci ne, ja kuma na wanda ya zo da ƙarfin karya mutum. Nasa bugu ne kawai."

Wani dattijo ya ce, "Takarda ta ce ka zubar da ɗan'uwanka gaban baƙi?"

Baffa ya ce, "Tashi ka ba mu wuri. Da mun sani da mun ɗauko makaho ya busa."

Daga zaure ya shigo ciki. Ya durƙusa bakin ƙofata kamar kullum, amma ranar nan bai tashi ba bayan gaisuwa. Ya ce, "Inna, an ce kina kan katanga. Kin ga yadda anka yi."

Tun da yake bai taɓa neman magana a bakina ba sai ranar. Ni kuma auta na cikin ɗaki tun jiya bai ci ba, bai sha ba. Na juya ina kallon bango. Na ce, "Allah ya kyauta."

Ya jima a durƙushe. Sannan ya ce, "Amin," ya tashi.

Zan faɗa muku gaskiya, tun da na tsufa ba wanda zan yi wa ƙarya. Ba kunyar ɗan fari ce ta rufe mini baki ba ranar nan. Fushi ne ya ari mayafin kunya ya lulluɓa. A zuciyata ina tare da gari. Ina cewa, wane irin alƙali ne wanga, yaro ya kusa rasa ido kuma shi za a hukunta?

Daga nan gari ya juya masa baya. A masallaci in ya miƙa hannu, da yatsu ake karɓa. In ya wuce, sai ka ji an sa yatsa a baki an yi fito a bayansa. Sunka raɗa masa Alƙalin Kekun Waje. Matarsa ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take ba kowa. Shi da ƙanensa, da kwano ɗaya suke ci, sai kowa ya koma cin nasa. Kafin ruwan farko ya sauka, ya ba wani gonarsa ya noma, ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau. Ranar tafiyar ya zo ya durƙusa, ya ce, "Inna, za mu tafi." Na ce wa bango, "Allah ya tsare hanya."

Na ɗauka to, ko ba komai auta ya rage mini. Ina! Shi ma garin ya ishe shi, kowa ya gan shi sai ya tuna masa da ƙwallon da anka soke. Ya ce zai tafi ci-rani kudu. Damina ta zo ta wuce bai dawo ba.

Sai gida ya zama ni kaɗai. Mata ba su guje ni ba, kada in ɗauki alhakinsu. Amma duk sanda na fita wurin sussuka, hira ba ta nisa sai ta biyo ta kan ɗana. Wata ta ce, "Ke dai kin haifi mai taurin zuciya." Wata ta ce, "Ai boko ne." Ni ba na karewa, ba na tayawa. A hankali na daina fita. Ku da kunka san lugude, mata uku a turmi ɗaya, wagga ta ɗaga wagga ta sauke, ana wurga taɓarya sama ana tafi, kun san daɗin ƙararsa. To, ku tuna ƙarar taɓarya ɗaya a gidan da ba kowa. Dum. Shiru. Dum. Haka na yi shekara biyu. In na tuƙa tuwo sai in ga ya yi yawa, in ba kaji. Babban yana aiko mini da sabulu da shinkafa ta hannun direbobi. Ranar sallah ya zo, ya durƙusa, ya gaishe ni, ya koma a ranar.

Wata rana ɗiyata ta zo ganin gida da 'yarta, yarinya 'yar shekara biyar. Na ce bari in daka mata gumba, ta san ta zo wurin kaka. Na jiƙa gero, na zuba a turmi. Ina cikin daka, na ɗaga taɓarya sama da ƙarfina, na taho da ita. Sai kawai na ga kan yarinyar a bakin turmi. Ƙamshi ya jawo ta, ta zura hannu za ta ɗebo, ta leƙa da kai.

Ban san yadda na yi ba. Na dai fizge taɓaryar gefe a tsakiyar saukowa, ta daki ƙasa, na ji kafaɗata ta yi ƙas, na zube zaune. Ko gashinta ban taɓa ba.

Da hannun da ya rage na jawo ta ina faɗa. "Ke wace irin yarinya ce? Ana daka kike sa kai a turmi?"

Ta ɓare baki tana kuka. Ta ce, "Kaka, ni mi na yi? Ai ke ce da taɓarya!"

Jama'a, sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na saki yarinyar. Ina zaune a ƙasa, kafaɗa na zogi, sai ga filin nan ya dawo mini gaba ɗaya. Ƙwallo a ƙasa, ƙafa a ɗage, kan autana yana shigowa. Na ga dogon yaron nan yana janye ƙafa yana murɗewa. Shekara biyu ban tuna da shi ba ko sau ɗaya, sai ranar da na yi abin da ya yi. Duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san wagga doka tun tana budurwa. In ana daka, bakin turmi na taɓarya ne. Wanda ya kai kai wurin, shi ake yi wa faɗa, kuma don ana son kansa ne ake yi. Ni na san wanga fiye da duk mazan da sunka zauna a zaure. Na sani, na bar ɗana a durƙushe.

Uwar yarinyar ta fito a guje tana tambaya ko na karye. Na ce, "Nemo mini mai gyaran targaɗe. In ya gama, ki faɗa mini inda ake shiga motar Gusau."

Bayan kwana huɗu na tafi, hannu a rataye da ɗankwali. Ban taɓa tafiya ni kaɗai ba. Munka wuce Tsafe, munka shiga Gusau, na yi ta nuna wa mutane 'yar takardar kwatance da ɗiyata ta rubuta mini, ni da ban san ko a juye nake riƙe da ita ba. Da na sami gidan, matarsa ta ga ni ce sai ta saki ludayi. Ta ce yana fili, yana busa wasa, in zauna in huta. Na ce a'a, kai ni.

Munka tsaya gefe har anka tashi. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Waɗanda sunka ci sunka tafi a tare suna waƙa. Waɗanda anka ci sunka tafi a tare suna rarrashin juna. Shi kuwa ya ɗauki jakarsa shi kaɗai, ya je gindin wata bishiya ya zauna yana kwance igiyar takalmi. Ba mai ce masa sannu. Na ce a raina, ashe haka aikin yake, kullum haka yake tashi.

Na matsa kusa. Ya ba ni baya. Sai na buɗe baki na kira sunansa.

Bai juyo ba. Yaya zai juyo, bai taɓa jin sunan nan da wagga murya ba? Na sake kira. Ya waiwayo a hankali, ya gan ni, ya zube a gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Inna! Lafiya? Wa ya rasu? Mi ya sami hannunki?"

Ban kalli bango ba, don ba bango a wurin. Na kalle shi a fuska. Na ce, "Ka tambaye ni ko na gani. Na gani. Mai kai ne da laifi. Daidai ka busa."

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa na motsi. Da ya ɗago, ido jajur, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Inna, wanga hukunci ya daɗe a hanya."

Na ce, "Alƙaliyar tsohuwa ce, kuma a motar haya ta zo."

Kwana uku na yi a gidansa. Ban sake kiran sunan ba, bakina bai saba ba. Amma na ci abinci yana zaune a gabana, na ba shi labarin gumba, ya yi ta dariya har da hawaye.

Abin da na ɗauka a ciki ba mai yawa ba ne. Al'adarmu ta kunya ba ta da laifi, da ita anka raine mu. Amma na gane mutum yana iya ɓuya a bayanta ya cuci nasa, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Ni an ma yaba mini, ana cewa ga mai kawaici.

Baffa ya rasu bai canza magana ba, Allah ya jiƙansa. Auta na aika masa saƙo, ya zo wata babbar sallah, na zuba musu tuwo a kwano ɗaya na ajiye na fita. Sunka ci. Ba wanda ya tayar da zancen. Yanzu yana kudu da iyalinsa, in ya bugo waya ya so tsokanata sai ya ce, "Inna, ƙwallona fa ya shiga." In ce, "Ya shiga, amma ba a ci ba." Yarinyar gumba ta yi aure, da ɗanta a baya, kuma na ji ta da kunnena tana korar sa daga bakin turmi. Filin bayan katangata an daina wasa a cikinsa, an shuka gero.

Babban bai dawo ƙauye da zama ba. Ya yi shekaru yana busa wasa a Gusau, sannan ciwo ya kama shi, bai tashi ba. Ranar uku, cikin masu ta'aziyya, sai ga wani dogon mutum yana ɗan ɗingishi. Kirista ne, ɗan wani malamin makaranta, yanzu tela ne a Bungudu. Ya durƙusa ya ce, "Mama, ba ki san ni ba. Ni ne na janye ƙafa. Tun ranar ban sake buga ƙwallo ba. Amma da bai busa usur ɗin nan ba, da na ɗauka ba wanda ya ga abin da na yi." Na nuna masa kafaɗata, na ce, "An gani, ɗana."

Ni kuwa ga ni nan a gidan. Kafaɗar ba ta bar ni na sake daka ba, injin niƙa nake aikawa. Usur ɗin matarsa ta ba ni, yana rataye jikin bangon nan da na saba kallo in ya zo gaisuwa. Sunan da na riƙe a baki duk tsawon rayuwarsa, sau biyu kawai na bari ya ji, yanzu kullum sai na faɗe shi bayan kowace sallah, a fili, da muryata. Sai dai ba mai waiwayowa.